Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin zaɓe na Zauren Gwarazan Hokin Ƙanƙara: me ya rage Meghan Duggan ta yi?

Zuwa ga mambobi 18 na kwamitin zaɓe,
Zauren Gwarazan Hokin Ƙanƙara,
Toronto, Kanada.

Yuli, 2025

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi taronku na bana lafiya. Ni ba 'yar jarida ba ce, kuma ban taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara na yi taku uku ban zube ba. Uwa ce ni, mazauniyar Madison a jihar Wisconsin, wadda tsawon hunturun garin nan da nacin 'yarta suka mayar 'yar kallon wasanku. Da Hausa nake rubuto muku, na kuma san sai kun nemi tafinta. Ba zai gagare ku ba, don jami'ar garin nan ma ta daɗe tana koyar da harshen. Na zaɓi Hausa ne saboda ina so 'yan'uwana su ji ƙarar da na kawo, ko da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwa ya daskare har mutum ya yi gudu a kansa ba.

Bari in fara da barka. A watan Yuni kun sanar da cewa Jennifer Botterill ta Kanada da Brianna Decker ta Amurka za su shiga zauren a watan Nuwamba. Yabon gwani ya zama dole. Botterill ita kaɗai ce ta taɓa lashe kyautar Patty Kazmaier, ta gwarzuwar 'yar wasan jami'o'in Amurka, har sau biyu, a 2001 da 2003, amma ta ajiye sanda tun 2011 kuna kallonta shekara 14. Decker kuwa tamu ce ta Wisconsin, mun yi murna ƙwarai. Sai dai da na karanta sunayen na sake karantawa, wadda ta riƙe wa Decker kambun kyaftin a jami'a da kuma tawagar ƙasa ba ta ciki. Bara ma ba ta ciki, bara waccan ma haka. Meghan Duggan nake nufi.

Ku kun san wasan fiye da ni, amma ku yi mini uzuri in ɗan fayyace wa masu karatu. Mutum shida-shida ake bugawa, har da mai tsaron raga, a kan ƙanƙara, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Maimakon ƙwallo akwai ɗan faifan baƙar roba mai tauri da ake kora da sanda mai lanƙwasa, kusan irin ta ƙwallon gora. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Gudun ya kai a ce da wuya ɗan wasa ya cika minti guda a fili bai fita wani ya canje shi ba, shi ya sa 'yan gaba ke shiga uku-uku, layi bayan layi. A cikin waɗannan layuka akwai masu cin raga da ake buga hotonsu a jarida, akwai kuma waɗanda ake turawa idan an kori ɗan wasanku na minti biyu kun koma huɗu a gaban biyar, su tare faifan da gwiwa da ƙirji. Duggan ta yi aikin farko a jami'a, ta yi na biyun wa ƙasarta, kuma ina zargin wannan na biyun ne ya sa kuke wuce sunanta.

An haife ta ranar 3 ga Satumba 1987 a Danvers, wani ƙaramin gari a arewacin Boston. Tana da shekara goma aka fara saka hokin mata a gasar Olamfik, a Nagano ta Jafan cikin 1998, Amurka ta doke Kanada 3-1 ta ɗauki zinare. Wadda ta fara cin raga a wasan nan, Gretchen Ulion, ta haɗu da yarinyar bayan an dawo gida, ta bar ta ta rataya lambar a wuya. Duggan ta sha ba da wannan labari. Shekara 20 cif ta yi tana bin abin da aka rataya mata na ɗan lokaci a ranar.

Ta zo Wisconsin a 2006, hannun koci Mark Johnson, wanda ya ci Tarayyar Sobiyet ƙwallo biyu a wasan nan na Olamfik ta 1980 da Amurkawa ba sa gajiya da tuna shi. A kaka huɗun da ta buga wa jami'ar, sau huɗu suka je wasan ƙarshe na ƙasa, suka ci uku: 2007, 2009 da 2011. A 2008 ne kawai Minnesota-Duluth ta hana su. Mu mun sauka garin nan a ƙarshen 2010, maigidana ya zo karatu, wata maƙwabciya ta ja ni kallo don ta ga zaman ɗaki na neman kashe ni. Ban fahimci komai ba a ranar, ko faifan ban iya bi da ido ba. Ashe kakarta ta ƙarshe nake kallo, wadda ta ci ƙwallo 39 ta kuma bayar aka ci 48, maki 87 ke nan, ta lashe kyautar Patty Kazmaier, suka doke Jami'ar Boston 4-1 a wasan ƙarshe. Ta bar Wisconsin da maki 238. Wanda duk ya ce muku ba ta iya cin raga ba, ku nuna masa wannan lissafi.

A tawagar Amurka kuwa ta shiga tun 2007. Zinare bakwai ta ɗauko a gasar duniya: 2008, 2009, 2011, 2013, 2015, 2016 da 2017. Ku lura da gurbin 2012. A ƙarshen 2011 ta bugu a ka, ƙwaƙwalwa ta girgiza, ta yi sama da shekara guda ba ta buga wasa ba, haske da hayaniya suna wahalar da ita. A shekarar da ba ta nan, Kanada ta zo har Burlington a jihar Vermont ta ƙwace kofin. Ba na cewa rashinta kaɗai ya jawo haka, zan yi ƙarya in na ce. Na dai ga cewa ta dawo a 2013 suka karɓo kofin a Ottawa, kafin shekara ta zagayo kuma an ɗaura mata kambun kyaftin.

Olamfik ce ta fi ba ta wuya. A Vancouver, 2010, Kanada ta ci su 2-0, Marie-Philip Poulin ta zura duka biyun. A Sochi ta Rasha, ranar 20 ga Fabrairu 2014, Duggan da kanta ta fara cin raga, Alex Carpenter ta ƙara, suna gaba da 2-0 saura ƙasa da minti huɗu a tashi. Brianne Jenner ta rama ɗaya. Kanada ta fitar da mai tsaron ragarta don ƙara 'yar gaba, Kelli Stack ta doko faifan daga nesa ya nufi raga ba kowa a ciki, ya tafi yana silalewa a hankali, ya daki ƙarfe ya tsaya. Saura daƙiƙa 55 Poulin ta farke, a ƙarin lokaci ta sake ci. Na kalli wasan nan ina tsaye da muciya a hannu, tuwon ranar ya kama ƙasan tukunya. Da faifan nan ya karkata da faɗin yatsa biyu, da ƙwallon Duggan ce ta buɗe hanyar zinare, kuma ina jin da tuni kun kira ta. Bai kamata ƙarfen raga a Sochi ya riƙa kaɗa ƙuri'a a Toronto ba.

Yanzu ga inda nake so ku zauna ku saurare ni da kyau, watan Maris na 2017.

Har zuwa lokacin, hukumar hokin Amurka, USA Hockey, dala dubu ɗaya take ba kowace 'yar wasa a wata, na wata shida kacal kafin Olamfik. Dala 6,000 ke nan a shekara huɗu. Sauran wata 42 kowa ta yi ta kanta, amma a kira ki sansani ki zo da ƙarfinki, ki kuma ciyo kofin duniya. Ita Duggan, a kakar 2015 zuwa 2016, tana aikin mataimakiyar koci a Jami'ar Clarkson, can ƙuryar arewacin jihar New York, tana kuma buga wa ƙungiyar Buffalo wasa, tafiyar awoyi a mota. A daidai wannan lokaci hukumar tana kashe kusan dala miliyan 3.5 a shekara kan shirin horar da samari 'yan ƙasa da 18, 'yan mata ba su da makamancinsa. Har rigar Olamfik ta 2014 da aka ɗinka, an rubuta shekarun zinaren maza a cikinta, 1960 da 1980, aka tsallake 1998 ta mata. Mu da muka ga 'yan Super Falcons sun ƙi fita daga otal a Abuja a ƙarshen 2016 bayan sun ciyo kofin Afirka, don a biya su haƙƙinsu, ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Abin mamakin shi ne a ƙasar da kuɗi ba su ne matsala ba.

Sun yi sama da shekara suna zama da hukumar ba a motsa ba. Ranar 15 ga Maris suka sanar cewa ba za su buga gasar duniya ba, gasar da Amurka ce mai masaukin baƙi, a Plymouth ta jihar Michigan, a filin hukumar kanta, saura kwana 16 a fara, su ne kuma masu riƙe da kofin. Ku dubi abin da suka ɗora a kan faifai. Olamfik ta Koriya ta Kudu saura wata 11. Hukumar da suka tsaya wa ita ce ke zaɓen waɗanda za su je. Duggan tana dab da shekara 30, azurfa biyu a aljihu, wannan ce damarta ta ƙarshe, kuma fuskarta ce a talabijin, muryarta ce a rediyo. Da abin ya wargaje, kowa ya san wuyan da za a fara yankawa.

Hukumar ba ta tsaya rarrashi ba, ta shiga neman waɗanda za su maye gurbinsu. Aka bi 'yan ƙungiyoyin kuɗi, aka bi 'yan jami'a, aka gangara har kan 'yan makarantar sakandare. Ku tuna waɗanda ake yi wa tayin: yarinya 'yar 17 ko 18 da ta tashi da mafarkin saka rigar ƙasa, a kira ta a ce ga rigar, mako mai zuwa, a gaban iyayenki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan wasa ashirin da 'yan kai kawai hukumar ke buƙata. Duggan da manyan tawagar suka raba lambobi suka hau waya, ɗaya bayan ɗaya, suna yi wa yaran bayani su da iyayensu. Bangon bai tsage ba. 'Yan mata suka riƙa fitowa a intanet kowacce tana cewa an kira ta kuma ta ce a'a. Ƙungiyoyin 'yan wasan maza na hoki da ƙwallon kwando da sauransu suka mara musu baya, wasu sanatoci, ciki har da Elizabeth Warren ta jiharsu Duggan, suka rubuta wa hukumar takarda. Ranar 28 ga Maris aka sa hannu kan yarjejeniyar shekara huɗu, wadda ta kai abin da 'yar wasa ke samu kusan dala 70,000 a shekara, tare da tafiya da inshora irin na maza.

Kwana uku ya rage a fara gasa, ba su yi wani atisayen kirki tare ba. Suka shiga suka ci duk wasanninsu. Ranar 7 ga Afrilu suka doke Kanada 3-2 a ƙarin lokaci, Hilary Knight ta ci ta ƙarshe. Ina so ku riƙe wannan, domin wanda ya yi yajin aiki aka biya shi sannan ya je ya sha kashi, ya ba maƙiya abin faɗa na shekara goma.

Sai ranar 22 ga Fabrairu 2018 a Gangneung. Knight ta fara ci, Kanada ta rama ta kuma wuce gaba, Monique Lamoureux-Morando ta farke ana dab da tashi, ƙarin lokaci bai raba su ba, aka je bugun daga ke sai mai tsaron raga. A zagaye na shida 'yar'uwarta ta tagwaye, Jocelyne, ta yaudari mai tsaron ragar Kanada, Shannon Szabados, har ta kwanta, ta zura. Mai tsaron ragar Amurka, Maddie Rooney, 'yar shekara 20, ta tare na Meghan Agosta. Duggan ba ta ci ƙwallo a wasan ba, na sani, kuma na san wasunku za su ɗaga wannan. A lokacin an riga an mayar da ita layin 'yan gaba na ƙasa, aikin tarewa da share fage, ta karɓa ba ta yi ƙorafi ba, ga mace da ta taɓa yin maki 87 a kaka ɗaya. Ita ce kyaftin ta biyu a tarihi da ta kai matan Amurka ga zinaren Olamfik. Ta farkon, Cammi Granato, tana zaurenku tun 2010.

Na ji ana cewa idan aka jera alƙaluman Duggan a tawagar ƙasa kusa da na Knight ko Decker, nata ba su kai ba. Gaskiya ne, ba su kai ba. To amma tun yaushe kuka koma masu ƙidayar ƙwallaye kawai? Bob Gainey na Montreal bai taɓa cin fiye da ƙwallo 23 a kaka ɗaya ba, a zamanin da taurari ke cin 50 da 60, kun shigar da shi a 1992 saboda tsaro da shugabanci. Guy Carbonneau bai taɓa kai 30 ba, kun shigar da shi a 2019. Ban ga laifinku ba, sun cancanta. Dokarku ma da kanta ba ta tsaya kan iya wasa ba, ta ambaci hali, da ɗa'a a fili, da abin da mutum ya yi wa ƙungiyarsa da kuma wasan baki ɗaya. Idan mudun da kuka auna wa Gainey da shi yana nan, ku ɗauko shi. Idan kuma na maza ne kaɗai, ku faɗa mana a fili mu daina jira.

Wasu kuma na cewa abin da ta yi a 2017 aikin gina wasa ne, sai a jira a saka ta a rukunin magina, tare da koci-koci da masu ƙungiyoyi. Wannan wayo ne na ture magana zuwa gobe. Ba daga ofis ta yi abin da ta yi ba, tana cikin riga mai lamba 10 ta yi shi, gurbinta a tawaga ta saka a caca. Kuma kuna da misali a bangonku. Ted Lindsay na Detroit ya tashi kafa ƙungiyar 'yan wasa a 1957, aka yi musayarsa zuwa Chicago don a hukunta shi. A matsayin ɗan wasa kuka karrama shi a 1966. Ku tuna kuma abin da ya yi a shekarar: ya ƙi zuwa liyafar karramawar saboda ba a barin mata su shiga, ya ce iyalinsa sun sha wahalar wasan tare da shi. Sai da aka canza dokar. Na kan yi tunanin me tsohon zai ce da ya ga lissafin da zan kawo muku yanzu.

Tun 2010 kuka ware wa mata kujera biyu a shekara, maza huɗu. Daga 2010 zuwa bana kun yi zaɓe sau 15, tunda annobar korona ta cinye na 2021. Kujera 30 ke nan. Mata 14 kuka zaunar. A 2011 da 2012 da 2014 da 2016 ko ɗaya ba ku zaɓa ba. Tsakanin Granato da Angela James a 2010, da Natalie Darwitz da Krissy Wendell a 2024, ba shekarar da kuka cika kujerun nan biyu. Kujera 16 kuka bari ƙura ta hau, ba don an rasa masu zama ba. Ga Julie Chu mai Olamfik huɗu tana waje, ga Szabados, ga tagwayen Lamoureux, ga Agosta. Yanzu layin ya yi tsawo, ƙofar tana nan yadda take, kuma nan da 'yan shekaru Knight da Poulin da Kendall Coyne Schofield za su iso, waɗanda ba mai iya tsayar da su ko na kwana ɗaya. Cunkoson nan ku kuka haɗa shi da hannunku. Bashi ne, kuma hanyar biyansa a bayyane take: ko ku ɗaga adadin mata ya kai na maza, ko ku buɗe ƙofar na wasu shekaru har a kwashe waɗanda kuka bari a rana.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sirrin da kuke yi. Ana buƙatar ƙuri'a 14 cikin 18, amma ba a faɗin wa aka gabatar, ba a faɗin wa ya samu nawa. Ba mu san ko an taɓa ambaton sunan Duggan a ɗakin ba, ko ƙuri'a ɗaya ta rasa, ko goma. Na fahimci kuna gudun a kunyata wanda bai samu ba. Amma mace da ta tsaya a gaban kyamara ta ce wa hukumar ƙasarta a'a, ba na jin adadin ƙuri'a zai karya mata zuciya.

Ta sanar da ajiye wasa a watan Oktoba 2020. A 2021 ƙungiyar New Jersey Devils ta ɗauke ta aikin rainon matasan 'yan wasanta, maza, waɗanda wataƙila wata rana za ku tattauna sunayensu a ɗakin nan naku. Gasar mata ta kuɗi kuwa ta sha faɗi-tashi bayan 2017, ta Kanada ta rushe a 2019, 'yan wasa suka sake haɗa kai suka ƙi buga wa kowa sai an kafa mai ɗorewa, har aka buɗe sabuwar gasa mai suna PWHL ranar 1 ga Janairu 2024. A Afrilun shekarar mutum 21,105 suka cika filin Bell Centre a Montreal don kallon mata. Ba zan ɗora wa Duggan wannan duka ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Coyne Schofield da Knight da takwarorinsu na Kanada ne suka ja wannan zangon. Amma dabarar tsayawa a bango ɗaya har a ji, a Maris ɗin 2017 aka gwada ta aka ga tana ci.

'Yata tana da shekara 12 yanzu, 'yar gaba ce ita ma, a layi na uku, irin masu tarewa da gwiwa. Gwarzuwarta Laila Edwards ce ta Wisconsin, baƙar fata ta farko da ta buga wa babbar tawagar matan Amurka, a 2023. Duggan a wurinta tsohon labari ne da uwarta ke yawan maimaitawa a mota da asuba a hanyar atisaye. Mun yi alkawarin kai ta Toronto ta ga zaurenku idan ta gama aji bakwai, ta tsaya a ƙarƙashin rufin gilashin tsohon bankin nan da zauren ke ciki ta karanta sunaye. Bazara mai zuwa ke nan, bayan taronku na watan Yuni. Za ta nemi sunan, don na riga na cika mata kunne da shi, kuma ni za ta juyo ta tambaya.

Ku huta lafiya.

Taku,
Wata uwa daga Madison, Wisconsin